Alfarwar Musa da Masu Karatunta a Kaele: A Fara da Kamu da Turke Kafin a Kai ga Ishara

Littafin Fitowa yana da surori 40. Daga cikinsu, 13 sun tafi ne kacokan a kan abu guda, wato alfarwar da Isra'ilawa suka yi sujada a cikinta a jeji. Sura ta 25 zuwa ta 31 umarni ne na yadda za a yi ta, sura ta 35 zuwa ta 40 kuwa labarin yadda aka yi ta ne, kuma labarin ya maimaita umarnin kusan kalma da kalma. Halittar sama da ƙasa a Littafin Farawa ba ta wuce surori biyu ba. Ƙetare teku, wanda kowane yaro ya sani, sura ɗaya ce da waƙarta. Amma labule da katako da ƙugiya da turke sun cinye kusan sulusin littafin. Duk wanda ya taɓa zama ya karanta surorin nan a jere ya san inda hamma take fara zuwa masa.

Masu wa'azi sukan kuɓuta daga wannan gajiya ta hanya biyu. Waɗansu su tsallake surorin ɗungum. Waɗansu kuma su mai da kowane turke da kowace igiya ishara, ta yadda mai sauraro zai fita daga majami'a ya san abin da launin shuɗi yake nufi, alhali bai san ko alfarwar ta kai girman ɗakin da yake zaune a ciki ba. Hanyoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya: babu wadda ta ɗauki aikin hannun da nassin ya ɓata lokaci yana bayyanawa da muhimmanci. Ra'ayin wannan rubutu shi ne, mai karatu na yankin Kaele da Garwa ya fi cancanta ya gyara wannan kuskure, domin kayan da nassin ya lissafa kayan kasuwarsa ne, kuma darasin da ya fi buƙata yana cikin lissafin ne tun kafin a kai ga ishara.

Kaele ita ce hedikwatar gundumar Mayo-Kani a Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, ƙasar Mundang ce, tana maƙwabtaka da Tupuri da Giziga da Fulani. Mishan na Lutheran Brethren daga Amurka, waɗanda Berge Revne da matarsa Herborg suka yi wa jagaba, sun fara aiki a wannan yanki na Kamaru da Chadi a farkon shekarun 1920. Daga aikinsu ne aka sami ikkilisiyar da ake kira Église Fraternelle Luthérienne du Cameroun, mai hedikwata a Garwa, wadda take da makarantar horar da fastoci a Kaele. Limaman Katolika na ƙungiyar Oblats sun iso arewacin Kamaru a 1946. Saboda haka yadda ake karanta Fitowa a garin nan ba ya tsayawa a garin, yana bin ɗalibai zuwa ƙauyukan da za a tura su. Gaskiya ne Hausa ba ita ce babban harshen majami'a a Kaele ba. Mundang da Fulatanci da Faransanci sun sha gabanta. Hausa harshen fatauci ce a Garwa da Marwa, kuma harshen sujada ne a hayin iyaka, a Adamawa da Borno. Amma sana'o'in yankin iri ɗaya ne daga Kano har bakin Logone, don haka kalmomin Hausa za su iya zama madubi ga sauran harsunan.

A fara da sunan abin. Ibrananci yana da manyan sunaye biyu a nan. Na farko mishkan, daga saiwar da take nufin zama ko sauka a wuri. Ɗalibin Larabci zai gane ta nan take, domin ita ce saiwar sakana da maskan, kuma daga gare ta ne sakina ta fito. Musulmi mai karatun Alƙur'ani ya san kalmar a Suratul Baƙara, aya ta 248, inda aka ambaci akwatin nan, Tabut, a labarin Ɗalutu. Suna na biyu ohel mo'ed, wato laimar haɗuwa, wurin da aka yi alkawarin gamuwa. Fassarar Latin ta yi amfani da tabernaculum, wanda asalinsa ƙaramar laima ko bukka ce kawai, irin ta soja. Daga nan kalmar ta shiga Faransanci da Ingilishi, ta yi nauyi, ta rasa ƙurarta. Ga Bakatolike mai jin Faransanci a yau, kalmar tana nufin ɗan akwatin da ake ajiye gurasar jibi a cikin majami'a. Ga wani kuma sunan katafaren gini ne mai lasifika. Babu ɗayansu da zai tuna da gashin awaki.

Hausa ta fi sa'a. Littafi Mai Tsarki da aka fi karantawa a majami'u ya zaɓi kalmar alfarwa, kuma zaɓi ne mai kyau. Bukka ta ciyawa ce, rumfa ba ta da bango, laima a bakin mutanen yau ta koma abin kare ruwa da rana, tanti kuwa yana warin sansanin soja. Alfarwa tana da kwarjini, ga shi kuma ba ta daina zama abin da ake kafawa a tuge ba. Siffarta ma ta aro ce daga Larabci, inda farwa take nufin fata mai gashi, abin da ya dace da rufin da nassin ya bayyana. Inda za a iya yin ƙorafi shi ne ƙarin da akan yi, a ce alfarwa ta sujada. Sujada aikin mutum ne. Kalmar Ibrananci kuwa tana magana ne a kan haɗuwar ɓangare biyu, kuma a cikin labarin wanda ya sa ranar haɗuwar ba Musa ba ne. Malamin da ya san wannan zai iya cike giɓin da baki ɗaya a aji. Mai wa'azin da ya bar alfarwa ya ari tabanakul don ya burge jama'a kuwa ya saki reshe ya kama ganye.

Sai awo. Nassin yana auna komai da tsawon hannu daga gwiwa zuwa kan yatsa, abin da Bahaushe yake kira kamu, wanda masaƙa da masu sayar da sawaye suka daɗe suna aiki da shi. Kamu ɗaya wajen santimita 45 ne. Farfajiyar tana da tsawon kamu 100 da faɗin kamu 50, wato kimanin mita 45 da mita 22 da rabi, an kewaye ta da labule mai tsayin kamu biyar. Alfarwar kanta katakai 48 ne suka riƙe ta, 20 a kudu, 20 a arewa, takwas a yamma, kowanne tsayinsa kamu goma, faɗinsa kamu ɗaya da rabi. Idan aka yi lissafi, tsawonta kamu 30 ne, kimanin mita 13 da rabi, faɗinta kuwa wajen mita huɗu da rabi. Majami'un ƙauye da yawa a Mayo-Kani sun fi ta girma. Ba a yi ta don jama'a su shiga su zauna ba. Firistoci ne kaɗai suke shiga sashen farko, sashe na biyu kuwa, Wuri Mafi Tsarki, babban firist ne kaɗai, sau ɗaya a shekara. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin cewa ginin da kwamiti yake son tayarwa shi ne alfarwar zamaninsa ba.

Rufin hawa huɗu ne. Daga ciki labule goma na lallausan lilin da zaren shuɗi da shunayya da mulufi, kowanne kamu 28 da kamu huɗu. Bisa su labule 11 na gashin awaki, kowanne kamu 30 da kamu huɗu, don su rufe na ciki ruf. Sai fatun raguna da aka rina ja. Daga waje kuma wata fata da ake kira tahash, wadda masu fassara suka yi ta kai-kawo a kanta tun zamanin dā, waɗansu su ce ta dabbar ruwa ce, waɗansu su ce jemammiyar fata ce mai laushi. Mai nazari a Turai yana buƙatar ƙamus da hotuna kafin ya hango abin. Mutumin Marwa kuwa, garin da ya yi suna da jima da dukanci, ya san warin majema. Ya san ana jiƙa fata da 'ya'yan bagaruwa, ya san karan dafi ne yake ba ta jan nan da ba ya kodewa da wuri. Ita kanta bagaruwar 'yar uwar itacen shittim ce da aka sassaƙa akwatin alkawari da teburi da katakai da shi, dangin farar ƙaya da ɗakwara, itatuwan da suke jure fari. Masassaƙin yankin nan zai yi tambayar da littattafan sharhi ba sa yawan yi: ina aka sami irin wannan itace mai karkace-karkace da zai ba da katako miƙaƙƙe na kamu goma? Tambaya ce ta gaske, kuma akwai masanan da suke ganin abin da ake kira katakai firam ne da aka harhaɗa, ba allo guda ba.

Akwai wurin da kamannin ya tsaya, kuma ya kamata a faɗa. Shuɗin marinar Hausa daga baba yake fitowa, ganye ne. Shuɗi da shunayyar alfarwa daga dodon-koɗin teku ake samo su, mulufin kuma daga wani ƙwaro mai manne wa itace, shi ya sa suka yi tsadar da sai sarakuna. Lilin ma ba auduga ba ne. Duk da haka, garin da kamfanin auduga na Faransa, CFDT, ya kafa sansaninsa a farkon shekarun 1950, kafin SODECOTON ta gaje shi a 1974, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da zare yake ci na lokaci da ido. Nassin ya ce mata masu gwaninta ne suka kaɗa zaren da hannunsu, har da na gashin awaki. Tsohuwar da ta taɓa riƙe mazari ta san kwana nawa ke cikin wannan 'yar jimla.

Abin lura na gaba shi ne waɗanda aka ambata da suna. Bezalel ɗan Uri, jikan Hur, daga kabilar Yahuza, da Oholiyab ɗan Ahisamak daga kabilar Dan. Game da Bezalel aka ce an cika shi da Ruhun Allah, kuma abin da cikawar ta haifar shi ne iya ƙira da sassaƙa da yankan duwatsu masu daraja. An kuma ce an ba su, su biyun, baiwar koyar da waɗansu. Wannan magana tana da nauyi a ƙasashen da aka daɗe ana kallon maƙeri da majemi da ido daban, inda a waɗansu al'ummu na duwatsun Mandara maƙera rukuni ne da ba a auratayya da su. Mai wa'azin da ya wuce Bezalel a guje don ya je ya bayyana ma'anar zinariya ya bar wa'azin da ke gabansa a ƙasa. Magini da kafinta da mai walda suna zaune a benci suna sauraro, ba a gaya musu cewa nassin ya lissafa aikinsu cikin ayyukan Ruhu ba.

Yanzu ga inda maganar take da zafi, wato kuɗi. Babu nassin da masu neman gudummawar gini suka fi so kamar Fitowa sura ta 35, inda jama'a suka yi ta kawo 'yan kunne da zobba da mundaye. Ana karanta shi ranar ƙaddamar da gidauniya, a karanta da murya mai daɗi, a tsaya daidai inda ya dace da buƙata. Da za a ci gaba zuwa sura ta 36, da an ji abin da ba a cika ji ba. Ma'aikatan ne da kansu suka bar aiki suka je wurin Musa suka ce abin da ake kawowa ya wuce buƙata, Musa kuwa ya sa aka yi shela a zango cewa kada kowa ya ƙara kawo kome. Aka hana mutane bayarwa. Wannan yana nufin aikin yana da iyaka sananniya tun farko, kuma masu karɓa sun san iyakar, sun kuma faɗe ta ba tare da an tambaye su ba. Gidauniyar da ba ta da ranar rufewa, ginin da kullum ake ƙara masa hawa kafin a biya bashin na ƙasa, ba su da hujja a wannan sura, ko da an karanta ta sau goma a kansu.

Sura ta 38 ta fi wannan tsanani, domin rahoton kuɗi ne tsantsa. An ce Itamar ɗan Haruna ne ya shugabanci Lawiyawan da suka rubuta lissafin, ba Musa ba, ba kuma Bezalel da ya taɓa kayan ba. Zinariya talanti 29 da shekel 730, abin da masana suke ƙiyasta shi da kusan tan guda. Azurfa talanti 100 da shekel 1,775. Tagulla talanti 70 da shekel 2,400. Azurfar ba ta cikin bayarwar son rai; haraji ne na rabin shekel a kan kowane namiji daga shekara 20 zuwa sama, kuma sura ta 30 ta riga ta ce mai arziki ba zai ƙara ba, matalauci ba zai rage ba. Mutanen da aka ƙidaya 603,550 ne. Rabin wannan adadi shekel 301,775 ke nan. Talanti ɗaya shekel 3,000 ne, don haka talanti 100 sun ci 300,000, saura 1,775. Lissafin ya fita daidai, kowane ɗalibin firamare zai iya bin sa da alli. Sa'an nan aka faɗi inda kuɗin ya tafi: talanti 100 an zuba su ƙafafu 100 da katakai da ginshiƙan labule suke tsayawa a kai, talanti ɗaya ga kowace ƙafa, ragowar kuma aka yi ƙugiyoyi da maɗaurai da su.

Ba sai an nemo ishara a nan ba, abin a fili yake. Alfarwar tana tsaye ne a kan azurfar da kowa ya ba da daidai da ɗan'uwansa. A cikin surorin ginin kuma ba a ambaci sunan mai bayarwa ko ɗaya ba; shugabanni sun kawo duwatsu masu daraja da mai da kayan ƙanshi, an dai ce shugabanni. Wani zai ce ai Littafin Ƙidaya sura ta 7 ya jera sunayen shugabanni 12 da kyautar kowannensu. Haka ne, amma wanda ya daure ya karanta wannan doguwar sura zai tarar kyautar kowa iri ɗaya ce sak, babu wanda ya ɗara wani da ko cokali. Wannan ya yi nisa da taron da ake kiran attajiri da lasifika ya faɗi adadi, a tafa, manomin da audugarsa ba ta yi kyau ba ya sunkuyar da kai. Cutar nan ba ta majami'a kaɗai ba ce, kwamitocin masallatai da na ƙungiyoyin gari ma sun san ta.

Kada a manta kuma abin da ya raba umarni da aiwatarwa. Surori 32 zuwa 34 labarin ɗan maraƙin zinariya ne, kuma da 'yan kunne aka zuba shi. Jama'a ɗaya, zinariya iri ɗaya, karamci iri ɗaya. Yawan abin da aka tara bai isa shaidar cewa aikin na Allah ne ba. Dokar Asabar ma ta zo a ƙarshen umarni, ta sake zuwa a farkon aiwatarwa, kamar ana cewa ko wannan gini bai isa ya hana ma'aikaci hutunsa ba.

Duk wannan ba ya nufin a yi watsi da ishara. Kirista ba zai iya ba, domin Sabon Alkawari da kansa ya buɗe ƙofar. Bisharar Yahaya, a sura ta farko aya ta 14, da take maganar Kalma ya zama mutum ya zauna cikin mutane, ta yi amfani da aikatau na Helenanci da aka gina a kan kalmar laima, wato ya kafa alfarwarsa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, daga sura ta 8 zuwa ta 10, ta kira alfarwar Musa inuwa da kwatancin ta sama, ta ɗauki shigar babban firist Wuri Mafi Tsarki ranar kafara ta gwada da shigar Almasihu sau ɗaya tak da jininsa, ta kuma kwatanta labulen da jikinsa. Matiyu da Markus da Luka sun ba da labarin tsagewar labulen Haikali a lokacin mutuwar Yesu. Wahayin Yahaya ya rufe da cewa mazaunin Allah yana tare da mutane. Waɗannan su ne ginshiƙan fahimtar Kirista, kuma duka suna zagaye da tambaya ɗaya: wa zai kusanci Allah, ta wace hanya?

Abin da ya kamata a koya daga marubucin Ibraniyawa shi ne kamun kansa. A sura ta 9 ya jera alkuki da teburi da gurasa da akwati da kerubobi, sa'an nan ya ce ba lokacin bin su ɗaya bayan ɗaya ba ne, ya wuce zuwa abin da ya dame shi. Waɗanda suka biyo baya ba su yi wannan haƙuri ba. Filo na Iskandariya da Yusufus, Yahudawa ne na ƙarni na farko, sun ga taswirar duniya a cikin alfarwar, fitilu bakwai su ne taurari bakwai masu tafiya. Orijen ya mai da kayan ginin kyawawan halayen mai bi. Giregori na Nisa ya yi amfani da ita cikin littafinsa a kan rayuwar Musa, Bede kuma a Ingila, a ƙarni na 8, ya rubuta littafi sukutum a kanta. A cikin waɗannan akwai zurfin tunani da ba a raina shi. Amma ga Kosmas, ɗan kasuwar Iskandariya na ƙarni na 6, wanda ya kafe a kan cewa tun da alfarwa kwatancin duniya ce, to lalle duniya shimfiɗaɗɗiya ce mai kusurwa huɗu kamar teburin gurasa, sama kuma rufin akwati. Hanyar da ta kai shi can ita ce dai ake bi a yau idan aka ce azurfa kullum fansa ce, tagulla kullum hukunci ne, katako mutuntaka, zinariya allahntaka, ba tare da aya guda da ta faɗi haka ba. Irin wannan tafsiri yana da daɗin ji, yana da sauƙin haddacewa don jarrabawa, aibinsa shi ne babu yadda za a yi a ƙaryata shi. Wanda ya ce turke bangaskiya ne da wanda ya ce turke haƙuri ne, wa zai raba musu gardama?

Mai kare wannan hanya yana da hujjar da ta cancanci amsa. Zai ce al'ummun Afirka masu son karin magana da zaurance ne, ishara ita ce abincinsu, kuma jerin kamu da shekel ba ya ciyar da rai. Rabin maganar gaskiya ce. Sai dai karin magana yana aiki ne domin mai ji ya san abin da aka gina shi a kai. Wanda bai taɓa ganin kura ba, ba ya jin daɗin karin maganar kura. Ishara ma haka take. Tsagewar labule ba ta girgiza wanda bai san cewa akwai ɗaki mai kamu goma da aka hana kowa shiga ba. Cewa Kalma ya kafa alfarwa ba ta da wani ƙarfi ga wanda yake zaton alfarwa fada ce. Sanin kayan shi ne yake ba isharar haƙora.

Masana tarihi ma sun yi nasu jayayya. Julius Wellhausen, a 1878, ya ce alfarwar hoton Haikalin Sulemanu ne da marubutan baya suka mayar cikin jeji. Waɗansu suka amsa da misalan laimomin Masar, kamar zanen sansanin Ramsis na Biyu a yaƙin Kadesh, mai farfajiya da laima mai ɗaki biyu, da kuma wurin ibadar da Beno Rothenberg ya tono a Timna a 1969, inda aka sami ragowar ƙyallen ulu ja da rawaya da ake ganin rufin laima ne. Gardamar ba ta mutu ba. Amma ko wane ɓangare mutum ya bi, nassin da ke hannu ya nace a kan abu ɗaya, cewa wannan wuri mai tsarki abin ɗauka ne.

Nacewar tana ko'ina. Akwati da teburi da bagadai duka suna da zobba da sandunan ɗauka, an kuma hana a zare sandunan akwatin alkawari daga zobbansu ko da an sauka. Littafin Ƙidaya ya raba aikin ƙaura tsakanin gidajen Lawi uku: 'ya'yan Gershon su ɗauki labule da rufi, an ba su keken shanu biyu da shanu huɗu, 'ya'yan Merari su ɗauki katakai da ginshiƙai da turaku, an ba su keke huɗu da shanu takwas, 'ya'yan Kohat ba a ba su ko ɗaya ba, domin kayan tsarki a kafaɗa ake ɗaukar su. Duk wanda ya taɓa ganin Mbororo sun tashi daga mashekari a kwarin Binuwai, an naɗe gida an ɗora wa sa, kowa ya san kayansa, ya ga wannan sura da idonsa. Bayan an shiga ƙasar alkawari aka kafa alfarwar a Shilo, daga baya aka same ta a Gibeyon. Da Dawuda ya ji kunyar zama a gidan katakon al'ul alhali akwatin yana cikin laima, amsar da ta zo ta bakin annabi Natan ita ce ba a taɓa neman gida a wurin kowa ba tun fitowa daga Masar. Istifanas ya ɗauko wannan zance a gaban majalisa, a Ayyukan Manzanni sura ta 7, jim kaɗan kafin a jajjefe shi.

A Jihar Arewa Mai Nisa wannan ba zancen littafi ba ne. Tun 2013 aka buɗe sansanin Minawao a gundumar Mayo-Tsanaga, kusa da Mokolo, domin 'yan Nijeriya da rikicin Boko Haram ya koro. Da yawa daga cikinsu mutanen yankin Gwoza ne, akwai Musulmi akwai Kirista, kuma Kiristocin sun fito ne daga majami'un da ake wa'azi da waƙa da Hausa. Sun baro gine-ginen da suka tara kuɗi suka gina, waɗansu an ƙone su. Ƙauyukan Kamaru na bakin iyaka, a Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava, su ma sun ga ƙaura. Ɗalibin da ya gama karatu a Kaele yana iya samun kansa gaban irin waɗannan mutane, ƙarƙashin tamfol ko inuwar gawo. Idan abin da ya haddace shi ne ma'anar launuka huɗu, zai faɗa, za a ce amin. Idan kuwa ya karanta sura ta 38 da ta 40 a hankali, zai iya gaya musu cewa an kafa alfarwar ne a rana ta farko ga wata na fari a shekara ta biyu bayan fita, a tsakiyar hanya, tun ba a mallaki ko taki ɗaya na ƙasa ba, kuma daron wankan firistoci da ke farfajiyarta an zuba shi ne da madubin tagulla na matan da suke hidima a ƙofa.